Tambaya: Shin ana warkewa daga ciwon jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da awon jini?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da dukan masu ba da shawara a cikinsa, musamman ma'aikatan lafiya. Tambayata a kan ƙanwata ce mai shekara 19, wadda nauyin jinyarta yake wuyana tun bayan rasuwar mahaifinmu. A ƙarshen daminar bara ta yi zazzaɓi mai tsanani wanda ya kwantar da ita, aka yi mata magani, zazzaɓin ya tafi, amma jikinta bai koma yadda yake ba. Muddin tana kwance lafiyarta lau, har hira da dariya take yi. Da zarar ta miƙe tsaye kuwa, sai zuciyarta ta kama bugawa da sauri, jiri ya ɗebe ta, ganinta ya dushe, ƙafafunta su yi nauyi. Ba ta iya tsayuwa a bakin murhu, ba ta iya bin layin famfo, sallah ma galibi a zaune take yin ta. Bayan ta sume a cikin aji dole ta dakatar da karatu, ga shi kuwa bana ya kamata ta zauna jarrabawar bakaloriya ta kammala sakandare.

Likitan da ya duba ta a nan Tawa ya ce zuciyar kanta ba ta da lahani, matsalar tana ga jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da awon jini ba tare da mutum ya umarce su ba, ya kuma rubuta mana sunan ciwon da Faransanci, wai disotonomi. Da na bincika sunan a intanet sai na ci karo da bayanin da ya hana ni barci, domin an ce ciwon ba shi da magani, kuma wasu masu fama da shi ba sa wuce ƴan shekaru a raye. A gida kuma ra'ayi ya rabu: gwaggonmu ta dage cewa iska ce, wasu suna cewa ragwanci ne da gudun aiki, dangin wanda yake neman aurenta kuma sun fara tambayar da ba mu da amsarta.

Abin da nake roƙon masu sani su bayyana mini shi ne: ana warkewa daga wannan ciwo, ko kuwa da shi mutum zai zauna har ƙarshen rayuwarsa? Yana kisa? In ana samun sauƙi, wata nawa ko shekara nawa akan ɗauka? Kuma ya wajaba in kai ta Yamai, ko akwai abin da za mu iya farawa da shi a nan? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Majo, daga Tawa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya kuma biya ka ladan riƙon zumunci. Ni ba likitan jijiya ba ne, majo ne, wato ma'aikacin jinya, da ya tsufa a ƙananan asibitocin jihar nan, don haka zan tsaya iya abin da hannuna ya taɓa, in bar wa likitoci sauran.

Kafin a ɗora wa yarinya babban suna, a tabbata an kawar da ƙananan dalilan da suka fi yawa a wurinmu, domin su ma suna kawo jiri da saurin bugun zuciya in an miƙe, kuma suna da magani. Na farkonsu ƙarancin jini ne, wanda ya zama ruwan dare ga ƴan mata, balle wadda ta tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko take zubar da jini da yawa a lokacin al'ada. Sai ƙarancin ruwa a jiki, da yawan aikin ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, da kuma magungunan da ake sha ba bisa takardar likita ba. Ka tambaye ta a natse ko akwai abin da take saye a tebur ko a wurin masu yawo da magani, na ƙiba ne ko na barci ko na ciwon kai, ka kai wa likita kwalayen da idonsa zai gani.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar komai sai agogo da abin awon jini, kuma kowane majo a asibitin unguwa zai iya yi muku shi. Da safe, kafin ta ci abinci mai nauyi, ta kwanta shiru na minti 10, a auna jininta a ƙirga bugun zuciyarta. Sai ta miƙe ta tsaya cik, wani yana kusa da ita saboda faɗuwa, a sake aunawa a minti na 1, na 3, na 5 da na 10, ana rubutawa. Abu biyu ake nema. In lambar sama ta awon jini ta faɗi da 2 ko fiye cikin minti 3, misali daga 12 zuwa 10 (wato daga 120 zuwa 100 a na'urar da ke nuna lamba da ɗaruruwa), ko ta ƙasa ta faɗi da 1, to jinin ne ke sauka in ta tsaya. In kuwa jinin bai sauka ba amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ɗaya, wannan wani ciwo ne dabam. Ga ƴan shekara 12 zuwa 19 irinta, ƙarin 40 ake ƙirgawa. A maimaita gwajin a ranaku dabam-dabam, domin takardar nan ta fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Abin da ya fi ci mini rai a bayaninka shi ne zancen ragwanci. Yarinyar da zuciyarta ke gudu haka alhali tana tsaye wuri ɗaya, jikinta aiki yake yi irin na mai hawan tudu, kuma in ana yi mata gori sai ta riƙa ɓoye abin da take ji har ta faɗi a inda za ta ji rauni. Addu'a da tofi ba sa hana awo, a haɗa su gaba ɗaya, amma kada a bari a turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki ko a sa ta tsayuwa mai tsawo da sunan magani. Ka kuma lura da yanayinmu: a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40, hanyoyin jini na fata suna buɗewa, gumi yana kwashe ruwa da gishiri, don haka in ka ga jikin ya ƙara tsanani a bazara kada ka ɗauka ciwon ne yake ci gaba.

Likita, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Baba Majo, kun share mini hanya, kuma ina goyon bayan duk abin da kuka faɗa. Malam Ɗan Adar, sannu da ƙoƙari. Ba zan iya yanke hukunci a kan wadda ban duba ba, amma zan iya gaya maka inda bayanin da ka karanta ya ruɗe ka.

Jijiyoyin da ake magana a kansu su ne masu kula da bugun zuciya, da matsewar hanyoyin jini, da narkar da abinci, da gumi, da riƙon fitsari, da buɗewar ƙwayar ido, ba dare ba rana. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita guda yana gangarawa cikin ciki da ƙafafu. Sai wasu ƴan ma'aunai da ke jikin manyan hanyoyin jini na wuya da ƙirji su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika saƙo a matse hanyoyin jini a ɗan ƙara bugun zuciya, duka cikin ƴan daƙiƙoƙi. In wannan saƙo ya samu tangarɗa, shi ne ake rubuta sunan da aka rubuta muku. Sai dai sunan ba na ciwo ɗaya ba ne. Tamkar a ce maka mutum yana da zazzaɓi ne: an gaya maka abin da ke faruwa a jikinsa, ba a gaya maka abin da ya kawo shi ba, alhali warkewa ko rashinta ga dalilin take rataye.

Wanda ya tsorata ka, a ganina, shi ne ciwon da ake taƙaita sunansa da MSA, ko AMS a takardun Faransanci, wanda likitoci biyu, Shy da Drager, suka yi bayaninsa a 1960. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali, jini yana sauka ƙwarai in an tsaya, fitsari yana gagara, tafiya da magana suna lalacewa, kuma galibi mai shi yakan rayu shekara 6 zuwa 10 daga fara ganin alamu. Gaskiya ne har yau ba a samo abin da ke tsayar da shi ba. Amma ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, yana kama mutanen da suka haura shekara 50 ne mafi yawa, kuma ƙa'idar gane shi ma ba ta ƙirga wanda alamunsa suka fara kafin shekara 30. Shi da ciwon karkarwa na Fakinsan, wanda shi ma yakan taɓa waɗannan jijiyoyi, su ne ɓangaren da ake lallaɓawa ba a warkarwa. Yarinya mai shekara 19 wadda ciwonta ya taso bayan zazzaɓi ba ta cikin wannan layi.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suke warkewa sarai da an cire dalili. Tsohon da ake ba maganin hawan jini fiye da kima, ko maganin fitar da ruwa, ko maganin kumburin ƙwayar mafitsara ta maza, yakan daina jiri cikin kwanaki in an gyara masa awon maganin. Mai ƙarancin bitamin B12 yakan farfaɗo in an gano da wuri. Ciwon Giyan-Bare, wanda ke shanye ƙafafu ya hauro sama bayan gudawa ko mura, yana birkita bugun zuciya da awon jini har ya kai ga hatsari a makonnin farko, amma kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shi suna tafiya da ƙafafunsu bayan wata 6. Suman nan na gama-gari da ke kama mai lafiya saboda tsayuwa a rana, ko tsoro, ko ganin jini, shi ma aikin waɗannan jijiyoyi ne, kuma ba ya rage kwanan kowa.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da ciwon da ake kira POTS, wanda likitocin asibitin Mayo na Amurka suka ba wannan suna a 1993: jini ba ya sauka sosai, zuciya ce ke gudu fiye da kima don ta cike giɓin jinin da ya taru a ƙasa. Ya fi kama mata daga balaga zuwa tsakiyar shekaru, sau da yawa bayan zazzaɓi, ko tiyata, ko doguwar kwanciya, kuma an ga ƙaruwarsa bayan annobar korona. Ba a san shi da kisa ba, kuma ba ya rikiɗewa ya zama MSA. Game da warkewa kuwa, a wani binciken da aka buga a 2016, an bi sawun waɗanda ciwon ya kama suna matasa, aka tambaye su bayan kimanin shekara 5: kashi 86 cikin 100 sun ce ko dai sun warke, ko sun samu sauƙi, ko ciwon sai jefi-jefi yake taso musu, amma waɗanda suka ce ya tafi gaba ɗaya kashi 19 ne kawai. Ina so ka riƙe lambobin nan biyu tare. In ka ɗauki ta farko kaɗai za ka yi wa gida alkawarin da ba naka ba, in ka ɗauki ta biyu kaɗai za ka karya wa yarinya gwiwa a banza. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ta koma karatunta da hidimarta, tana kiyaye wasu abubuwa, kuma lissafin na watanni ne zuwa shekaru.

Mafi yawan abin da ke kawo sauƙin ba a kantin magani yake ba. Ta sha ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, ta fara da kofi biyu tun kafin ta sauko daga gado. A ƙara mata gishiri, har zuwa kimanin giram 10 a yini, wato wajen ƙaramin cokali biyu har da na cikin miya, in likitanta ya tabbatar ba ta da hawan jini ko ciwon ƙoda; ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake ba masu gudawa yana taimakawa a ranakun zafi. A ɗaga kan gadonta da bulo kamar santimita 10 zuwa 20. In jiri ya taso tana tsaye, ta harɗe ƙafafu ta matse cinyoyi, ko ta tsuguna nan take. Babban magani kuma shi ne motsa jiki, amma a fara shi a kwance a kan tabarma, ana ɗaga ƙafafu ana tuƙa su kamar mai keke na ƴan mintuna, a riƙa ƙarawa mako bayan mako har a kai ga tafiya, domin yawan kwanciya yana rage yawan jini ya kuma raunana zuciya, ciwon ya samu wurin zama. Akwai magunguna, irin su furofaranolol kaɗan don rage gudun zuciya, da fuludirokotizon mai riƙe gishiri a jiki, da midodirin mai matse hanyoyin jini, amma likita ne ke zaɓa bisa awo, kuma ba kullum ake samun wasunsu a nan ba.

Dangin mai neman aure a gaya musu gaskiya: ciwon ba ya yaɗuwa, ba ya hana aure, kuma mafi yawan mata masu shi suna ɗaukar ciki su haihu lafiya in ana bin awo. Zuwa Yamai kuwa, tafiyar fiye da kilomita 500 a mota cikin zafi ba ƙaramin abu ba ce ga irinta, don haka ku fara da gwajin Baba Majo, da gwajin ƙarancin jini, da awon zuciya na ECG a babban asibitin jiha. Amma in ta taɓa suma tana kwance ko tana tsakiyar aikin ƙarfi, ko tana ciwon ƙirji, ko an taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a danginku, ko ƙafafunta sun fara mutuwa, to kada a jira, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan zuciya ko na jijiya.

Hajiya, daga unguwar Bukoki, Yamai:

Assalamu alaikum. Likita, Allah ya ƙara basira. Malam Ɗan Adar, ka yi mini afuwa zan raɓa tawa tambayar a jikin taka, domin bayanin nan ya taɓo abin da ke damuna. Maigidana ya haura shekara 60, ya daɗe da ciwon sukari, yana shan metfomin, daga baya aka ƙara masa allurar insulin, kuma yana da hawan jini. A ƴan shekarun nan in ya tashi daga zaune sai ya dafa bango, in ya ci tuwo kaɗan sai ya ce cikinsa ya cika, wani lokaci ya amayar da abincin da ya ci tun da rana. Gumi yakan karyo masa a fuska da wuya yana cikin cin abinci, alhali ƙafafunsa a bushe suke har suna tsagewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da can in sukarinsa ya sauka yakan ji rawar jiki da yunwa ya nemi dabino, yanzu kuwa ba ya jin komai sai dai mu ga maganarsa ta rikice.

An gaya mana cewa sukarin ne ya taɓa jijiyoyin. Shin shi ma yana cikin masu samun sauƙin da kuka ambata? In fara ƙara masa gishiri da ruwa kamar yadda kuka ce a yi wa yarinyar? Sannan mutum ne da ba ya yarda ya sha azumi ko na kwana ɗaya, kuma in na yi magana sai ya ce shi ya san jikinsa.

Likita, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da ɗawainiya. Na ji daɗi da kuka tambaya kafin ku aikata: don Allah kada ku ƙara masa gishiri. Mai hawan jini da ciwon sukari na shekaru sau da yawa ƙodarsa ta riga ta gaji, kuma masu irin wannan lahani jininsu yakan hau in sun kwanta ya sauka in sun tsaya, ta yadda abin da ya gyara tsayuwa zai iya ɓata kwanciya. A auna shi a kwance da a tsaye, a kai wa likitansa lambobin tare da dukan magungunansa, domin wani lokaci sauya magani ɗaya ko sauya lokacin shansa ya isa ya rage jirin.

Ba zan ɓoye muku ba, lissafin Alhaji dabam yake da na yarinyar. Ita jijiyoyinta galibi suna nan, aikinsu ne ya rikice. Shi kuwa sukari ya daɗe yana cin siraran jijiyoyin da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma abin da ya mutu a ciki da wuya ya dawo. Abin da ake nema a wurinsa shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta kai, kuma wannan yana yiwuwa. Wani babban bincike na Amurka da Kanada da aka fitar da sakamakonsa a 1993 ya nuna cewa tsananta kula da sukari yana rage aukuwar lalacewar jijiyoyi ƙwarai ga masu nau'in farko na ciwon, wani kuma na ƙasar Danmak ya nuna cewa ga masu nau'i na biyu irin na Alhaji, haɗa kula da sukari da hawan jini da kitsen jini da barin taba ya rage hatsarin ci gaban wannan lahani da fiye da rabi. Sai dai a saukar da sukarin a hankali, domin faɗo da shi da gaggawa bayan ya daɗe a sama yana iya tayar da ciwon jijiya shi ma.

Abu biyu a cikin bayaninku suna iya gyaruwa. Daɗewa ana shan metfomin yana rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma yana ƙara lalata jijiya, don haka a nemi a auna masa. Rashin jin saukar sukari ma yakan ragu in aka yi makonni 2 zuwa 3 ba a bari sukarin ya sauka ko sau ɗaya ba, jiki ya sake koyon yin gargaɗi. Amma lura da yadda abin yake ɗaure: cikin da ke jinkirin sauke abinci yana sa insulin ya riga abincin shiga jini, sukari ya faɗi bayan cin abinci, daga baya ya hau. Shi ya sa ake so ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi, marar yawan mai, likita kuma ya daidaita lokacin allurar. Ƙafafun nan a duba su kullum a shafa musu mai, ban da tsakanin yatsu. Ku kuma sani cewa irinsa ciwon zuciya yana iya kama shi ba tare da ciwon ƙirji ba, saboda haka gajiya ta farat ɗaya, ko haki, ko gumi mai sanyi, dalilin zuwa asibiti ne a take.

Zancen azumi kuwa, maganar cewa ya san jikinsa ita ce ainihin abin da ciwon ya ƙwace masa, tun da ƙararrawar da ke sanar da shi ta daina kaɗawa. Masu rashin jin saukar sukari suna cikin waɗanda likitoci ke shawartar kada su yi azumi, kuma duk mai ciwon sukari da ya ga awonsa ya sauka ƙasa da giram 0,70 ko ya haura giram 3 a lita ana so ya karya nan take. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ku nemi malamin da Alhaji yake jin maganarsa, ku haɗa shi da likitansa, domin abin da zai ƙi karɓa daga bakinku yana iya karɓa daga bakinsu.

Ƴar Gaweye, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Yaya Ɗan Adar, ni ma wannan ciwo ya kama ni ina shekarar farko a jami'a, bayan wata doguwar rashin lafiya, kuma yau ina aikin ofis, na yi aure, ina da ɗa. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar Likita, da fatan zai yi mini uzuri, domin lambobi ba sa nuna yadda hanyar take. Sauƙin ba a miƙe yake zuwa ba. Nakan yi wata guda garau har in ce na rabu da shi, sai bazara ta shigo, ko al'ada ta zo, ko mura ta kama ni, in koma kamar ranar farko. A irin wannan lokaci ne mutanen gida ke cewa maganin asibiti ya kasa, a koma wani wuri, kuma a nan ne ake zubar da abin da aka tara. Har yanzu ba na tsayuwa a dogon layi, ba na fita da tsakar rana ba tare da gorar ruwa ba, girki kuma a kan kujera nake yi, amma ba na ƙirga kaina cikin marasa lafiya.

Motsa jikin nan a bi shi da haƙuri. Makonnin farko yakan ƙara gajiya kafin a ga amfaninsa, kuma in ta yi wani aiki ta ga ya kayar da ita kwana biyu ko uku, alama ce an wuce iyaka, a rage a kuma gaya wa likita. Na ga amfanin ɗaure ciki da ɗamara mai faɗi fiye da doguwar safa, wadda zafinmu ba ya bari a jure ta. Makaranta kuma kada a bari ta yanke gaba ɗaya. A nemi takardar likita a kai wa shugaban makaranta, a roƙa mata izinin zama lokacin da ake tsayuwa, da shiga aji da ruwa, ko da rabin yini za ta riƙa yi. Zaman ɗaki ita kaɗai ana yi mata kallon mai iska ya fi jirin cin rai. In tana so, ka ba ta wayarka ta karanta wannan da idonta.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri, Hajiya kuma Allah ya ba Alhaji lafiya. Baba Majo, mun yi gwajin da kuka ce a asibitin unguwarmu. Tana kwance bugun zuciyarta 76 ne, jininta 11/7. A minti na 10 da tsayuwa bugun ya kai 124, jinin kuma bai sauka ba. Gwajin jinin da aka ɗiba kuma ya nuna tana da ƙarancin jini, an rubuta mata maganin ƙarin jini, likitan ya ce sai an gyara wannan kafin a tabbatar da sunan ciwon, kuma ranar Litinin za a yi mata ECG. Ta karanta saƙon Ƴar Gaweye, ta kuma ce in tambaya mata: motsa jikin na kan tabarma ta fara shi yanzu, ko ta jira sai jinin ya ƙaru?